Dakta Kafin-Mu-Fara da 'Yan Badujalar Jami'a

Idan ana maganar waɗanda Allah ya yi wa baiwar baki a jami'ar nan, Dakta ne a sahun gaba. Kuma shi kaɗai ne a sahun, domin duk wanda ya tsaya kusa da shi ba ya samun sararin buɗe nasa bakin, balle a gane ko shi ma yana da baiwa.

Masani ne a sashen tarihi, mutum mai cikar kamala da cikar tumbi. Yana sa kwat ko da rana tana narka kwalta. Yana da tabarau mai sarƙa wanda yake cirewa idan zai faɗi muhimmiyar magana, wato a kowace jimla. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya, kuma gyaran muryar ma yana da gabatarwa da tsakiya da kammalawa. Masu hassada suna cewa Dakta yana son jin muryarsa. Ƙarya suke yi masa. Ba don kansa yake yi ba, tausayin jama'a ne yake hana shi yin shiru.

A ƙofar ofishinsa akwai allon tagulla mai ƙyalli, an rubuta: Marubucin Tarihi, Ma'ajin Gado, kuma Mai Gabatarwa na Dindindin na Ƙungiyar Badujalar Jami'a. Babu wanda ya tuna ranar da aka naɗa shi. Amma shi ya ce an naɗa shi, kuma wa zai ja da masanin tarihi a kan abin da ya riga ya faru? Ɗalibai kuwa, da yake ba su da lokacin karanta allo, sai suka rage masa tsawo. Suna kiransa Dakta Kafin-Mu-Fara.

Ita ƙungiyar asalinta ba abin dogon numfashi ba ne. Tun jami'ar ba ta wuce 'yan ajujuwa da tankin ruwa ba, wani malamin lissafi ya shiga sito neman alli, ya yi karo da akwatin tsofaffin begiloli da ganga mai ido ɗaya. Ya tara yaran da ba su iya ƙwallo ba ya ce su hura. Suka yi ta hurawa har maƙwabta suka gaji da kai ƙara suka koma kawo kujeru. A hankali aka samu sarewa farare da baƙaƙe, aka samu ƙahon nan da ake ja ana turawa, da faya-fayen tagulla da ake gwarawa, da wani ƙaton ƙaho mai nannaɗe mai busa shi kamar mesa ta kama akuya.

Taken da suka iya kuwa sun cika kabad. Akwai "Macin Sabbin Ɗalibai," wanda ake yi wa 'yan shekarar farko su shigo zaure suna tuntuɓe da rigunan aro. Akwai "Ruwan Sama a Kan Kwano," mai sa tsofaffin malamai su fake da goge tabarau. Akwai "Motar Ma'aikata Ta Makara," wanda ake farawa da jan ƙafa a ƙare a guje. Akwai "Rawar Agwagwa," wanda wani magatakarda ya taɓa haramtawa saboda ya tsargu cewa da tafiyarsa ake. Ranar wasa, zaure yakan cika har a hau tagogi.

Wannan shi ne tarihin a bakin gama-garin mutane irinmu. A bakin Dakta kuwa abin ya fi haka zurfi.

Mura ce ta jawo. Wata shekara mai gabatarwa ya kwanta da toshewar hanci, aka rasa wanda zai ce wa baƙi barka da zuwa. Mai jagorantar kiɗan, wata siririyar malama da ɗalibai suke kira Malama Tsinke saboda ita da sandar kiɗanta kamar uwa ɗaya ta haife su, ta hango Dakta a kujerar gaba ta roƙe shi ya taimaka da kalma biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Dakta ya hau dandamali, ya kama makirufo, kuma har yau bai sake shi ba. Mai murar ya warke, ya yi aure, ya yi ritaya.

Ga yadda yake farawa, ga wanda Allah bai nufa da halarta ba:

"Manyan baƙi, ƙananan baƙi, da waɗanda ba a gayyata ba amma ƙishirwar ilimi ta koro su. Kafin mu fara, wajibi ne mu tambayi kanmu: shin mene ne ƙaho? Jahili zai ce abin busa ne. Masani kuwa sai ya yi murmushi, ya koma baya, zuwa ga saniya. Domin ba a fahimtar ƙaho sai an fahimci saniya. Ba a kuma fahimtar saniya sai an fahimci ciyawa."

Daga nan sai a shiga ciyawa. Dakta ba mutum ne mai tsallake abu ba. Yakan bi ta tun daga tsiro har zuwa bushewa, ya kawo saɓanin masana a kan harawa, ya soki wani abokin aikinsa da ya rubuta maƙala a kan makiyaya ba tare da ya ambace shi ba. Wata shekara ya yi sauri har ya kai ga lokacin da ɗan Adam ya gano tagulla, jama'a suka fara gyara zama suna murna. Shekarar da ta biyo ya samo sababbin hujjoji, ya koma baya zuwa ruwan sama.

Kada a zaci Dakta bai san kiɗa da hannunsa ba. Yana yawan tunawa da wannan, cikin tawali'u.

"Ni ma na busa a zamanina," in ji shi, tabarau a hannu. "Sau ɗaya. Likitoci ne suka roƙe ni in bari, domin ƙarfin huhuna ya fi ƙarfin ƙarfen."

Waɗanda suke wurin a ranar sun yarda an ji ƙara. Saɓaninsu kawai a kan ta inda ta fito ne.

To, zaure yana da lokacin rufewa, kuma abin da baki ya ci, ƙaho ba zai samu ba. Da farko aka cire dogayen take. Sai aka koma yin rabi-rabi. "Motar Ma'aikata Ta Makara" ta daina zuwa gaba ɗaya. Daga baya abin ya tsaya a taken jami'a, shi ma a tsaye, mutane suna neman takalmansu. A 'yan shekarun nan kuwa, kafin Dakta ya fito daga ciyawa mai kula da zaure ya fara kaɗa makullai a bakin ƙofa. Ƙungiyar ta zama irin ta kallo: a goge ƙahoni su yi ƙyalli, a sa jajayen kwat masu igiyar zinare a kafaɗa, a jeru a bayan Dakta kamar kayan ɗakin amarya, a tashi.

Malama Tsinke mace ce mai biyayya ga ƙa'ida. Da zarar Dakta ya ce "a taƙaice," sai ta ɗaga sanda ta shirya. Da yake yana faɗin "a taƙaice" tun daga tsakiyar ciyawa, hannunta na dama ya yi kauri ya bar na hagu, har tela ya fara auna mata hannayen riga dabam-dabam. Mai busa ƙaton ƙahon nan, wanda ake kira Mai Mesa, ya shiga ƙungiyar ba gashi a haɓarsa. Yanzu yana digiri na uku, da gemu da 'ya'ya, kuma 'ya'yan sun ɗauka aikin babansu shi ne rungumar ƙarfe a gaban jama'a. Mai ganga ya koyi barci ido buɗe. Mai faya-fayen tagulla bai koya ba, shi ya sa wata rana gyangyaɗi ya kwashe shi suka suɓuce suka daki ƙasa, zaure ya ɗauka kamar an watsar da kwanukan gidan biki. Dakta ya ɗaga hannu cikin dattaku.

"Na gode, na gode. Amma a adana jinjinar, ban zo wurin ba tukuna."

Ba wai ba a gwada ba. An taɓa sa wani malami ya zauna a gaba yana nuna masa agogo. Dakta ya tsaya ya yaba wa agogon, ya ba da tarihin agogo. An taɓa zare wayar lasifika. A ranar aka gano cewa lasifikar rage masa murya take yi. An taɓa rufe masa ƙofar baya aka ce makulli ya ɓata, ya zagayo ta ƙofar gaba, ya fara jawabin tun daga kan matakala yana tafe yana yi. Ɗalibai suka haƙura. Suna atisaye a ɗakinsu da ke bayan gidan janareta, inda babu mai jin su sai janaretan, suna busa take mai daɗi kamar me, sannan su fito ranar wasa su yi zaman makoki.

A gida ma Dakta bai rage wa iyalinsa komai ba. Ba a buɗe kwanon abinci sai ya gabatar da shi. 'Ya'yansa sun girma ba su san shinkafa tana da tururi ba, sai da suka ci a gidan mutane. Matarsa kuwa yana yabonta a ko'ina.

"Ban taɓa ganin mai sauraro irin uwar yaran nan ba. Ba ta taɓa katse ni ba. Sai dai murmushi da gyaɗa kai."

Gaskiya ne. Baiwar Allah tun shekarar farko ta aure ta gano amfanin auduga, kuma ɗankwali yana rufe kunne.

Autarsu ce matsalar. Yarinyar ta taso da son busa, ta shiga jami'ar, ta shiga ƙungiyar, ta zama ita ce mai farar sarewa. A cikin "Ruwan Sama a Kan Kwano" akwai wurin da kowa yake yin shiru a bar sarewa ita kaɗai, kamar ɗigon farko kafin ruwa ya kece. Auta ta iya wurin nan har Malama Tsinke takan sauke sanda ta tsaya tana kallonta. Amma ban da 'yan ƙungiya da janareta babu mahalukin da ya taɓa ji. Ga shi tana shekarar ƙarshe.

Wata safiya ta same shi yana shan shayi, ta durƙusa.

"Baba, don Allah bana ka bar mu mu busa, ko take ɗaya ne. Idan na fita shi ke nan, ko Mama ba ta taɓa ji na ba."

Dakta ya ajiye kofi. Idonsa ya kawo ruwa don jin daɗi.

"Auta, kin taɓo babban batu. Kafin in amsa miki, kin san daga ina kalmar take ta samo asali?"

Yarinyar ta makara a laccar farko, ta rasa ta biyu.

Ana cikin haka aka yi wa jami'ar sabon shugaba, wani injiniya mai tsadar magana, irin mutanen da in ka gaishe su sai ka ji kamar ka ci bashinsu. Yana zagayen gine-gine ya faɗo ɗakin atisaye, a ranar da babu kowa sai Malama Tsinke tana jera takardun kiɗa, Dakta kuma yana gefe yana yi mata bayanin tarihin takarda. Shugaba ya dubi tsawon ɗakin da faɗinsa, ya ƙwanƙwasa bango.

"Malama, na daɗe a jami'ar nan ban taɓa jin ƙungiyarku ta busa komai ba. Wasu ma sun ce jita-jita ce. Sashen kwamfuta yana neman ɗaki. Na ji za ku yi bikin cika shekara hamsin. Zan zo. In na ji kiɗa, ɗaki naku ne. In ban ji ba, kayan nan su koma siton da aka samo su."

Ya juya ya fita kafin Dakta ya gama gyaran murya. Malama Tsinke ta nemi kujera ta zauna. Dakta ya girgiza kai cikin nadama.

"Kin ji ko, Malama? Shugaba guda bai san ƙungiyar ba. Ƙarancin bayani ne ya jawo, kuma na karɓi laifin. Na cika taƙaitawa. Wannan karon ba zan ɓoye wa jama'a komai ba."

Malama ta koma jera takardunta, don ja da Dakta ba nata ba ne. Karambanin akuya ne gai da kura.

Dakta ya shiga shiri. Ya ɗauki hutu daga koyarwa, ɗalibansa suka yi ta sa wa Shugaba albarka. Ya sa aka ɗinka masa sabuwar kwat. Ya umarci mai kula da zaure ya saki labulaye masu kauri a duk tagogi, a kashe fitilu, a bar guda ɗaya babba ta haska teburin jawabi.

"Tarihi yana buƙatar ganin fuskar mai ba da shi," in ji shi.

Ya kuma sa a naɗi jawabin a na'ura, saboda 'yan baya.

Ranar biki da la'asar zaure ya cika maƙil. Tsofaffin 'yan ƙungiya sun zo daga nesa, wasu da sanda, wasu da jikoki, wasu sun matsa kansu cikin jajayen kwat ɗin samartaka har maɓallai suna neman agaji. Shugaba yana kujerar gaba, hannu a harɗe. Matar Dakta tana bayansa, ɗankwali ya sauko sosai. An tura 'yan badujala can ƙarshen dandamali cikin duhu, domin teburin Dakta da jakunkunan littattafansa sun cinye gaba.

Fitila ta kama. Hasken ya daki tabarau, ya daki goshi, ya daki sabuwar kwat. Dakta bai iya ganin abin da ya wuce hancinsa ba, amma wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa.

"Ya mai girma Shugaba, iyayena, ƙannena, 'ya'yana. Shekara hamsin ba wasa ba ce. Saboda haka, kafin mu fara, na ga bai dace a yau mu tsaya a kan ciyawa ba, kamar yadda muka saba yi cikin gaggawa. Ita ciyawar, a kan me ta tsiro? Ƙasa. To, mece ce ƙasa?"

Wani tsoho a baya ya yi salati a hankali.

Dakta ya shiga ƙasa. Ya raba ta ja da baƙa da yashi. Ya gangara ƙarƙashinta ya tarar da duwatsu, ya tsaya ya gaisa da kowanne. Jarirai suka yi kuka suka gaji suka yi barci. Malama Tsinke ta ɗaga sanda ta sauke, ta ɗaga ta sauke, kamar mai korar ƙuda. Daga inda Auta take zaune tana iya hango Shugaba a gefen hasken. Ta ga ya dubi agogo. Ta ga ya cire hularsa ya mayar. Sannan ta ga ya jawo takalminsa da ƙafa ya fara sawa.

Tura ta kai bango. Ba wata dabara ta ƙulla ba, kuka ne ya taso mata, kuma ba ta so ta yi shi a gaban mutane. Ta tashi da sarewarta ta bi ta ƙaramar ƙofar gefe, ta fita filin ajiye motoci, ta zauna a kan wani dakali a gindin bishiya. Ta yi kukanta ya ishe ta. Da ta ga ba ta da abin share hanci sai hannun jar kwat, sai ta fasa, ta kai sarewar baki. Tunda kayan sito za su koma, gara ko motoci su ji.

Ƙofar ba ta rufu da kyau ba. Sautin ya sulalo cikin zaure siriri, ɗigo bayan ɗigo.

Mai Mesa ne ya fara ji. Ya dubi Malama Tsinke, ya dubi ƙofa, ya miƙe da ƙahonsa a jiki yana sanɗa. Ƙaton mutum cikin ƙaton ƙarfe ba ya sanɗa, kuma ƙofar ƙarama ce. Ya maƙale. Mai ganga ya sa kafaɗa ya tura shi, suka fice tare kamar an cire toshiyar kwalba. Masu begila suka bi, masu sarewa suka bi. Mai faya-fayen tagulla ya rungume su a ƙirji kamar jinjiri mai zazzaɓi, ya bi. Malama Tsinke, mace mai ƙa'ida, ta zauna ita kaɗai a cikin kujerun da babu kowa tana yaƙi da zuciyarta. Sai ta ji daga waje an shigo da begila ba a kan lokaci ba. Wannan kam ba za ta iya jurewa ba. Ta tattara siket ta fita.

"Wanda ya kawo mu ga dutsen da ake kira ƙanƙara," in ji Dakta, "wanda bai kamata a rikita shi da ƙanƙarar ruwa ba, kuskuren da wani abokin aikina, ba zan kama suna ba, ya tafka a shafi na farko."

Shugaba, wanda ya riga ya miƙe da niyyar zuwa ya ba 'yan kwamfuta makulli, ya tsaya ya karkata kunne. Ya bi sautin. Da jama'a suka ga babba ya fita, sai layi-layi suka fara zamewa, takalma a hannu, iyaye suna toshe bakin yara. Tsofaffi masu sanda suka ɗage sandunan sama don kada su ƙwanƙwasa. Ba a taɓa ganin taro mai yawa haka ya fita da ladabi irin wannan ba. Matar Dakta ta ga mutane suna tafiya ta ɗauka an tashi, ta bi su. Sai da ta fito ta hangi autarta a tsaye a kan dakali, sarewa a baki, jama'a sun kewaye ta. Ta sa yatsa ƙarƙashin ɗankwali ta zaro audugar dama, ta zaro ta hagu. Ta tsaya baki buɗe, hawaye yana zuba.

A filin motocin nan aka buɗe kabad gaba ɗaya. Aka yi "Ruwan Sama a Kan Kwano" har sau biyu. Aka yi "Macin Sabbin Ɗalibai," tsofaffi suka jeru suna maci, maɓallai suna tsalle. "Motar Ma'aikata Ta Makara" ta iso a ƙarshe, direbobin da suke jiran iyayen gidansu suka taya da ham. Da aka kai "Rawar Agwagwa," sai ga tsohon magatakardan da ya haramta ta, yanzu ya tsufa ya daina tsarguwa, ya shiga fili. Nan kowa ya tabbatar da tafiyarsa ake. Mai Mesa ya hura ƙahonsa har gilasan motoci suna rawa, 'ya'yansa suka ɓuya a bayan uwarsu don ba su san abin yana magana ba.

Shugaba bai yi rawa ba, amma an ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi. Da aka tsaya shan iska ya matso kusa da Malama Tsinke.

"Ɗaki naku ne," ya ce. Sannan ya yi almubazzaranci da kalmomi: "A ƙara na agwagwar."

A ciki kuwa Dakta ya ji kiɗa yana tasowa can ƙasa-ƙasa, ya ji daɗi ƙwarai. Ashe yaran sun fara hankali, sun gane aikinsu shi ne raka jawabi.

"Madalla," ya ce, bai waiwaya ba. "Haka nan, a hankali, kada ku danne muryar."

Da tafi ya ɓarke a waje, ya dafa ƙirji ya rusuna. Ya lura tafin yana zuwa kamar daga nesa, ya yi alkawarin zai rubuta wa hukuma a kan lalacewar ginin zauren. Tafi ya sake tashi, ya sake rusunawa. Bai taɓa samun karɓuwa irin ta yau ba, don haka ya ƙara babi biyu da bai yi niyya ba.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Rana tana gab da faɗuwa Dakta ya rufe littafi na ƙarshe, ya cire tabarau.

"Yanzu kuma, ba tare da ɓata lokaci ba, ga ƙungiyar badujalar jami'a."

Ya juya da hannu a miƙe. Mai kula da zaure ya kunna fitilu. Kujeru a gaba, kujeru a baya, da takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Dakta ya daɗe yana kallo. Wani mai ƙaramin sani da sai ya karaya. Shi kuwa ya gyaɗa kai cikin fahimta.

"Ya yi musu nauyi," ya ce wa mai makullai. "Sun fita su yi tunani."

Babu wanda ya gyara masa. Da ya maimaita hakan a gida, Auta ta so ta yi magana, uwarta ta taka mata ƙafa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shugabar ɗakin karatu na jami'a da kanta a ofishinsa, wata dattijuwa mai magana ƙasa-ƙasa saboda sabo da wurin aiki. Ta ce ta halarci biki, ta ga abin da jawabinsa ya yi da idonta, kuma tana roƙon a ba ɗakin karatu kwafin abin da aka naɗa. Dakta ya miƙe tsaye, ya gyara kwat.

"Na san wannan rana za ta zo. Ban dai zaci zan gan ta da raina ba."

Ya ba ta. Ya sa aka ƙara layi a allon ƙofarsa. Ya sanar da masu gadi, da mai sayar da jarida, da wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya, cewa yanzu muryarsa tana cikin taskar ilimi tare da manyan magabata.

Wata yamma ya ga ya kamata ya je ya ga yadda 'yan baya suke amfana. Ya isa dab da lokacin rufewa. Yana sa ƙafa a matakala ya ji gyaran muryarsa ya cika ginin daga lasifikokin rufi, tun daga gabatarwa. Kafin a kai tsakiya ƙofa ta buɗe, ɗalibai suka kwararo kamar an fasa madatsar ruwa, jakunkuna a buɗe, takardu suna tashi, wani da takalmi a hannu, wata tana jan ƙawarta da ba ta gama farkawa ba. Dakta ya manne da bango har suka wuce. Fuskarsa ta cika da annuri.

Ya tarar da dattijuwar a bakin kantar karɓar littattafai tana rufe aljihun tebur, ɗakin wayam kamar an share.

"Kin gani ko, Hajiya? Dubi yadda suke gaggawar zuwa su yi aiki da abin da suka ji."

"Wallahi Dakta ka taimake mu," ta ce. "Da, sai mu yi ta kaɗa ƙararrawa muna kashe fitila muna roƙo, ba sa tashi. Yanzu ko lokacin jarrabawa ba ma kwana a nan."

Dakta bai tsaya sauraron wannan ba, domin wata shawara mai girma ta riga ta sauko masa. Ya cire tabarau.

"Ai na'ura ba ta kai mutum ba. Domin yaran nan, na yarda in sadaukar da lokacina. Daga gobe zan riƙa zuwa da kaina ina yi musu baki da baki."

Dattijuwar ta dubi Dakta, ta juya ta dubi ƙofa, ta auna ta da ido.

"A'a, ranka ya daɗe, a yi mana haƙuri. Ƙofarmu ɗaya ce, kuma ƙarama. Za a tattake 'ya'yan mutane."